Kwas ɗin Sifaniyanci na Jami'ar Salamanka: ya ci kuɗinsa, amma da sharaɗi

Iyaye a Birnin Kebbi da Argungu masu son tura yaro karatu Sifaniya sukan fara da tambayar kuɗin makaranta, alhali harshe ne ke kayar da ɗalibi. Digirin da ake koyarwa da Sifaniyanci yawanci sai da matakin B2, wato na huɗu a matakai shida na iya harshe (A1, A2, B1, B2, C1, C2), kuma Turancin WAEC ba ya fid da kai. Shi ya sa muka duba kwas ɗin harshe na Jami'ar Salamanka, wadda aka kafa a 1218, take kuma koyar da baƙi Sifaniyanci tun 1929.

Da zuwa ake gwada ɗalibi a sa shi ajin da ya dace da shi, daga A1 zuwa C2. Darasi kamar awa huɗu ne a rana, Litinin zuwa Juma'a, kuma da Sifaniyanci zalla malami ke magana. Makon farko kai na ɗaukar zafi, daga baya kunne ya buɗe.

Bahaushe na da sa'a a nan. Wasula biyar ne irin namu. Harafin r mai kaɗa harshe da ke wahalar da Turawan Ingila muna da shi a baki, don haka raba pero, wato amma, da perro, wato kare, ba aiki ba ne. Kalma mai ƙarewa da a galibi mace ce, kamar riga da mota, sai 'yan tawaye irin su el día (rana) da el problema (matsala), waɗanda maza ne. Inda muke zamewa shi ne p da f: ka so cewa fila, wato layi, ka ce pila, wato batir. Sai ser da estar, kalmomi biyu masu aikin "ne" da "ce" da "yana", waɗanda aji ke bayyanawa amma bakin titi ne ke zaunar da su. Ɗan Kamba da ya tsinci Faransanci a kan iyaka zai riga sauran gane nahawun.

Sharaɗin shi ne masauki. Wanda ya kama ɗaki da 'yan Najeriya ko Amurkawa, awa huɗun nan su ne duk Sifaniyancinsa na yini, ya biya kuɗin kogi ya yi wanka a kwano. A zaɓi zama a gidan 'yan gari, tare da abinci. A teburin rana, wajen ƙarfe biyu, da na dare, wajen tara, ake koyon harshen gaske, don uwar gida ba za ta bar ka ka yi shiru ba. Amma a rubuta tun a takardar neman gida cewa ba a cin alade ba a shan giya. Cewa "ba na cin alade" kawai ba ya isa: a ambaci jamón (busasshen naman alade) da chorizo (tsiran alade) da manteca (kitsen alade), domin sukan shiga miyar wake da kayan da ake gasawa ba tare da mai girki ta ɗauke su nama ba. Sanyin Janairu a Salamanka ya wuce hunturunmu nesa, kuma a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai kusan goma na dare.

Takardu su ne ɓangaren da ya fi cin rai. Zaman da ya wuce kwana 90 sai da bizar karatu, da inshorar lafiya, da shaidar akwai aƙalla yuro 600 na kowane wata. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar hatimin Apostille, wanda ke sa a karɓi takardun wata ƙasa a wata, saboda haka sai an bi dogon layin tantance takardu, sannan mai fassara da aka rantsar ya mayar da su Sifaniyanci. Daga Kebbi wannan tafiya ce zuwa Abuja ba sau ɗaya ba. A fara da watanni a hannu.

Masu kwatanta Salamanka da Giranada, birnin da ke kudancin Sifaniya, suna da hujja: can akwai babban masallacin unguwar Albaisin da aka buɗe a 2003, naman halal kuma ya fi sauƙin samu. Sai dai mutanen kudu na haɗiye s ɗin ƙarshen kalma, sabon kunne na shan wuya. Ga mai farawa, lafazin Salamanka ya fi fita tsaf.

Kada a dawo da takardar halartar kwas kaɗai. A zauna jarrabawar iya Sifaniyanci ta DELE a matakin B2, wadda shaidarta ba ta ƙarewa, saɓanin takwararta SIELE mai shaidar shekara biyar. Wanda ya kai A2 tun daga gida, ko da ta waya ya koya, ya rage wa mahaifinsa kuɗin haya na watanni.