Gargaɗi Ga Masu Sikana A Legas: Ku Yanka Wayar Kafin Ku Biya

Jama'a, akwai wani mutum da ke zagaya zaurukan WhatsApp na 'yan Arewa a Agege da Idi-Araba yana tallar eriya haɗe da wayarta, wai ta rediyon sikana, wato rediyon da ake sauraron maganganun jiragen sama da na ruwa da ita. Da Hausa yake tallar, kowa ɗan'uwansa ne, kowa Alhaji ne. Ya ce ko a bakin taga ka ajiye eriyar za ka ji jiragen saman Ikeja da jiragen ruwan Apapa kamar a ɗakinka suke. Sai ka tura kuɗi, sannan ɗan acaɓa ya kawo maka kaya a ƙulle cikin leda. Maƙwabcina, dattijo mai son wannan harka, ya faɗa hannunsa, kuma abin ya yi mini ciwo.

Maganar taga ƙarya ce tsagwaronta. Jiragen sama suna magana a zangon rediyo tsakanin 118 da 137 MHz (megahaz, ma'aunin zangon), na ruwa kuma wajen 156 zuwa 162. Irin wannan sigina a miƙe take tafiya, bene ya tare ta, katanga ta rage ta. Eriyar da ke sama da mita 9 tana hango kusan kilomita 12 a fili, ta mita 16 kuma kusan 16. Jirgin da ke can sama ana iya jinsa daga nesa saboda tsayinsa, kuma da shi mutumin yake yaudara idan ya turo bidiyon gwaji. Ku tambaye shi ya jiyar da ku jirgin ruwa.

Babbar cutar tana cikin wayar. A jikin wadda aka kawo wa maƙwabcina an buga RG-213, sunan wata wayar eriya mai kauri da inganci, kaurinta ma ya kai, wajen milimita 10. Da muka fere ta da reza, saƙar da ke lulluɓe da cikinta 'yan silili ne jefi-jefi, kana hango farar robar ta tsakaninsu. RG-213 ta gaskiya saƙarta cunkus take, jan ƙarfe zalla, tsakiyarta kuma silili bakwai a murɗe. Muka kankare silili guda na wayar maƙwabcina, jan ya fita, fari ya bayyana: alminiyom ne aka yi wa fenti da jan ƙarfe. Muka kara masa ashana, nan take ya lanƙwashe ya marmashe. A iskar Legas mai gishiri, da damina ta shigo ruwa ya ratsa ta kan mahaɗi, irin wannan saƙa ba ta daɗewa.

Kuma fa waya ko ta ƙwarai ce tana cin sigina. Siririyar wayar eriya da ake kira RG-58, in ta kai mita 30, tana cinye fiye da rabin abin da eriya ta kamo a zangon jiragen ruwa. Shi ya sa ake son gajeriyar hanya da waya mai kyau. Wanda aljihunsa bai kai ba, RG-6 ta dish ɗin talabijin mai inganci tana yi wa mai saurare aiki sosai, ta fi wannan jabun nesa ba kusa ba.

Don Allah kada ku tura ko sisi kafin ku riƙe kaya a hannu. Ku je shago da kanku, ku ce a yanko muku ɗan guntu daga nadin da za a auna muku, ku fere a gabansa. In ya ce ba a yankawa, ku kama gabanku. Wajen ɗaga eriya kuma ku nisanci wayoyin wuta, ku zare wayar daga rediyo idan hadari ya haɗo. Wanda yake da 'yan'uwa a Alaba Rago da Mile 12 ya tura musu wannan, don mutumin yakan sauya lamba ya koma wani zauren.