Praziquantel a kan tsilar kare da kyanwa: maganin na aiki, ƙuma ce ke ɓata lissafi

Cikin magungunan tsutsar ciki da nake ba karnuka da kyanwoyi, praziquantel ne na fi amincewa da shi idan tsila ce matsalar. Sha ɗaya ya wadatar, kuma ba sai an hana dabbar abinci ba. Ana samunsa shi kaɗai, kamar Droncit, ko a haɗe da wasu sinadarai, kamar Drontal da Milbemax.

Awonsa miligiram 5 ne ga kowane kilo na nauyin dabba. Ƙwaya mai miligiram 50 ta ishi kare mai kilo 10, mai kilo 25 kuwa sai biyu da rabi. Drontal na kyanwa yana da miligiram 20 na praziquantel, ƙwaya ɗaya ga kilo 4. A ɗora dabbar a sikeli tukuna, domin kintace da ido shi ke sa a ba da abin da bai kai ba. Ba a ba ɗan kwikwiyon da bai cika sati 4 ba, ko ɗan kyanwa ƙasa da sati 6, kuma magungunan haɗi suna da nasu sharuɗɗan shekaru a jikin kwali.

Mutane da yawa suna zura ido a kashin dabbar, da ba su ga tsutsa ba sai su ce maganin jabu ne. Ba haka yake aiki ba. Yana sandarar da tsilar ne ya lalata fatarta, sai ta saki bangon hanji ta narke a ciki. Alamar ya ci ita ce gutsattsarin nan farare masu kama da ƙwayar shinkafa su daina bayyana a gindin wutsiya da wurin kwanciya cikin 'yan kwanaki.

Aibinsa na farko ɗaci. Kyanwa in ta tauna shi sai ta yi ta dalalar da miyau, shi ya sa ban ga hikimar daka shi a zuba cikin abinci ba, ƙin ci za ta yi. Gara a tura ƙwayar can bayan harshe a bi ta da ɗan ruwa, ko a nemi na ɗigawa a ƙeya irin Profender. Akan ga amai ko zawo ko kasala na ɗan lokaci. In abin ya wuce kwana ɗaya, a kai wa likitan dabbobi.

Babban aibin kuwa shi ne ba ya daɗewa a jiki. Yana kashe tsilar da ya tarar, amma ba ya tare wadda za ta shigo gobe. Tsilar da aka fi gani, Dipylidium caninum, ta hanyar ƙuma take shiga: tsutsar ƙuma ta ci ƙwan tsila a ƙasa, ta girma da shi, dabbar ta haɗiye ƙumar wajen lasar jiki. Cikin sati 2 zuwa 3 sabuwar tsila ta fara zubar da gutsattsari, sai a ɗora wa magani laifi. Dole a haɗa da maganin ƙuma ga duk dabbobin gidan na aƙalla wata 3, a riƙa wanke shimfiɗarsu da ruwan zafi, domin yawancin ƙumar ba a jikin dabba take ba, tana ƙasa a matsayin ƙwai da tsutsa. A kula sosai: maganin ƙumar kare mai permethrin yana iya kashe kyanwa.

Kyanwa mai farautar ɓeraye tana ɗaukar nau'in tsila mai suna Taenia, kare mai cin ɗanyen kayan cikin tumaki kuma yana iya ɗaukar nau'in Echinococcus, wanda ƙwansa ke haddasa ƙullutun ruwa a hanta ko huhun mutum. Irin waɗannan dabbobi suna bukatar a riƙa maimaita musu maganin bisa tsarin likita, a kuma kwashe kashinsu da safar hannu.

Wajen saye a karanta sinadarin, kada a tsaya ga rubutun "maganin tsutsa". Ivermectin da pyrantel ba sa taɓa tsila, fenbendazole kuma yana kashe Taenia amma ba ya yi wa tsilar ƙuma komai.