Sonny Bill Williams: rugby na 'yan wasa 13 ko na 15?

Rugby kashi biyu ne, League da Union, kuma Sonny Bill Williams, haifaffen Auckland ta New Zealand a 1985, ya yi fice a kowanne. Amma a wanne ya fi zama kansa?

Na League 'yan wasa 13 ne kowane ɓangare. Da zarar an kayar da ku sau shida, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya, saboda haka ba a hutawa, karo ne a kan karo. Nan ya tashi. Ya fara da Canterbury Bulldogs a 2004, yana ɗan shekara 18, a shekarar kuma suka ɗauki kofin NRL, babbar gasar League ta Ostiraliya. A nan ya ƙware wajen miƙa ƙwallo da hannu ɗaya alhali ƙarti biyu sun rirriƙe shi.

Na Union, mai mutum 15, shi ya kai sunansa ko'ina a duniya. Ya bar Bulldogs ana tsakiyar kaka a 2008, lamarin da ya ƙona wa magoya bayanta rai, ya tafi Toulon ta Faransa (a can ya musulunta). Daga baya ya ci Kofin Duniya da All Blacks, ƙungiyar ƙasar New Zealand, a 2011 da 2015. Sai dai a wasannin ƙarshe biyun, daga benci ya shigo.

Ni dai League nake ba wa. Da ya dawo League a 2013 bayan shekara biyar ba ya buga shi, ya shiga Sydney Roosters, shi ne ƙashin bayan ƙungiyar, suka ci kofi, aka kuma zaɓe shi gwarzon League na duniya a shekarar.