Rahoto daga Ingila kan tiyatar rage ƙiba da matsayin likitocin iyali

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, kai da iyali da su Inna da dukan mutanen gida a Birnin Kebbi, ga amsar tambayar da ka aiko mini a kan Kawu na Jega, wato ko tiyatar rage ƙiba abu ce da likitocin ƙasar nan suka amince da ita, ko kuwa kasuwanci ne kawai na asibitocin kuɗi, tun da wani dillalin asibitocin waje ya riga ya nuna masa hotuna, har ya yanka masa farashin zuwa Masar. Amsar a taƙaice ita ce sun amince da ita, gwamnati ma tana yin ta ba tare da karɓar ko sisi daga majinyaci ba, sai dai hanyar da ake bi kafin a kai ga wuƙa, da hidimar da ke biyo baya har ƙarshen rayuwa, su ne ba sa cikin lissafin da dillalin ya kawo.

A nan Ingila kowa yana da rajista a asibitin unguwarsu, ƙarƙashin hukumar lafiya ta ƙasa, NHS, wadda aka kafa a 1948. Likitan da ke wannan asibiti shi ne likitan iyali, wanda suke kira GP, kuma a wurinsa tarihin lafiyar mutum yake, tun daga rigakafin yarinta har zuwa gwajin jinin watan jiya. Ba a zuwa wurin likitan tiyata kai tsaye sai da takardarsa. Ana cewa maganin kyauta ne, amma mu baƙi muna biyan fam 1,035 na kowace shekara tare da kuɗin biza. Ta fuskar sauri gida ya fi, domin mai kuɗi a Kebbi yana iya yankar kati da safe ya ga babban likita kafin azahar, alhali a nan sai mutum ya kama waya da ƙarfe takwas na safe yana jiran layi, idan ya dace a ba shi minti goma. Abin da gida ya rasa shi ne likita guda wanda ya san mutum shekara da shekaru, kuma a maganar wannan tiyata rashinsa ba ƙaramin giɓi ba ne.

Ba da ido ake yanke hukuncin wanda ya cancanta ba. Akwai ma'aunin da ake kira BMI, wanda ake samu idan aka ninka tsawon mutum a mita da kansa, sannan aka raba nauyinsa a kilo da abin da ya fito. Mai tsawon mita 1.70 da nauyin kilo 120, alal misali, ma'auninsa ya haura 41. Hukumar NICE, wadda ke shimfiɗa ƙa'idojin jinya, ta ce a duba yiwuwar tiyata ga wanda ya kai 40, ko wanda ya kai 35 idan yana da cutar da rage nauyi zai sauƙaƙa, irin ciwon suga nau'i na biyu ko hawan jini. A 2023 ta ƙara da cewa a rage 2.5 daga waɗannan lambobi ga baƙar fata da mutanen Asiya, saboda suga yana kama mu tun nauyi bai kai na Turawa ba. Ke nan ga mutum irin Kawu ana fara magana daga 32.5, tun da yana shan maganin suga.

Su likitocin iyali kuwa bakinsu bai zo ɗaya ba, kuma na ga haka a kan wani abokin aikina, Bazazzage, wanda ya daɗe yana fama da suga da hawan jini da minshari mai yanke numfashi cikin barci. Likitan farko da ya gani bai bar shi ya gama bayani ba, ya ce masa ya rage ci, ya ƙara tafiya da ƙafa, ya dawo bayan wata shida, kamar dai mutumin bai taɓa gwada haka ba. Da ya koma sai ya faɗa hannun wata likita a asibitin nan dai, ita kuwa ta buɗe kwamfuta ta bi sakamakon gwajinsa na shekarun baya ɗaya bayan ɗaya, ta auna ƙugunsa da kanta, ta tambaye shi ko yana yin barci a kan sitiyari, sannan ta rubuta takardar tura shi a ranar. Masu ja da baya suna da hujjarsu, domin wasunsu suna ganin tiyata a matsayin abin da ake yi bayan komai ya ƙi, wasu sun san layin jira yana iya cin shekaru, kuma dukansu sun san cewa asibitin tiyata yakan bi majinyaci shekara biyu ne, daga nan nauyin gwajin kowace shekara ya dawo kansu. Masu goyon baya kuma suna duban abin da suka gani da idonsu, wato mutanen da sugansu ya sauka cikin makonni har aka rage musu magani, wasu ma aka dakatar da shi. A ganina likitar ta biyu ce ta yi aikinta, ko da yake ita ma ba ta yi masa alkawarin tiyata ba, ta dai buɗe masa ƙofa.

Bayan takarda sai watanni na zama da masanin abinci, da likitan halayyar ɗan Adam wanda ke bincika ko damuwa ce ke sa mutum ci, da gwajin zuciya da na numfashi. Mai shan taba sai ya bari. Kimanin mako biyu kafin ranar ana ɗora mutum kan abinci kaɗan ƙwarai domin hanta ta motse ta ba likita fili. Tiyatar da aka fi yi yanzu iri biyu ce, kuma duka ta ƙananan huji ake yin su, ba a farke ciki. A ta farko ana yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi a fitar, a bar shi siriri kamar ayaba, kuma da yake ɓangaren da aka cire shi ne ke samar da yawancin sinadarin da ke tayar da yunwa, sha'awar abinci kanta tana raguwa; wannan ba a mayar da ita. A ta biyu ana ware ɗan ƙaramin sashe na tumbi a haɗa shi da hanji, abinci ya tsallake sauran, ita ce kuma aka fi zaɓa wa mai ƙwannafi mai tsanani. Haɗarin mutuwa a asibitin da ya saba da aikin kaɗan ne, kusa da na cire matsarmama, amma yoyo a wurin ɗinki, wanda ke iya bayyana bayan an sallami mutum, yana kisa idan ba a gane shi da wuri ba.

Na ci abinci da abokin nan nawa wata huɗu bayan an yi masa. Farantinsa na ƙarƙashin kofin shayi ne, a kai ɗan yankin kifi da cokali biyu na wake, kuma ya shafe fiye da minti ashirin yana tauna kowace loma har ta zama ruwa, mu kuwa mun daɗe da wanke hannu. Ruwa na gabansa amma bai taɓa shi ba sai bayan rabin awa, domin ba a haɗa ci da sha. Lemon kwalba ya rabu da shi. A aljihunsa akwai ɗan akwatin ƙwayoyin bitamin, da na ƙarin jini, da na ƙarfin ƙashi, waɗanda zai sha muddin yana raye, kuma duk wata uku ma'aikaciyar jinya ta asibitin unguwa tana yi masa allurar bitamin B12, wadda rashinta ke lalata jijiyoyi a hankali. Likitocinsa sun ce ya ajiye azumin shekarar farko, ya kuma tambayi malami hukuncin ramuwa ko ciyarwa. Da mace ce, da an ce ta jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18.

Wanda bai iya jira ba yakan je asibitin kuɗi, inda aikin ke kamawa daga wajen fam 8,000 zuwa 15,000, shi ya sa Turawa da yawa ke hawa jirgi zuwa Turkiyya, inda farashin bai kai rabin haka ba, har da masauki da motar ɗauko mutum daga filin jirgi. A wannan kam likitocin iyali ba su da saɓani, duk wanda ka tambaya zai ce maka a yi hattara, ma'aikatar harkokin wajen Birtaniya ma ta yi gargaɗi saboda 'yan ƙasarta da suka mutu bayan irin waɗannan tafiye-tafiye. Ba wai Turkiyya ko Masar ko Indiya ba su da ƙwararru ba ne. Matsalar ita ce mutum yakan dawo bayan 'yan kwanaki da takarda cikin harshen da likitansa ba ya karantawa, ba tare da wanda ya ɗauki alhakin bin sa ba. Idan wannan ya zama abin tsoro ga wanda motar asibiti ke iya zuwa ƙofarsa, ka auna yadda zai kasance ga Kawu idan zazzaɓi da ciwon ciki suka taso masa da tsakar dare a Jega.

Akwai kuma alluran rage ƙiba na mako-mako, Wegovy da Mounjaro, waɗanda suka sa mutane da yawa a nan suka dakata da maganar tiyata. Wegovy ta shigo a 2023, kuma daga Yunin 2025 aka fara barin likitocin iyali su rubuta Mounjaro ga waɗanda suka fi tsananin buƙata, sauran jama'a kuwa da kuɗinsu suke saye duk wata. Nauyi yakan dawo idan aka bari. Ban ba da shawarar a aiko da su ta hannun matafiyi ba, domin suna buƙatar firji mai wuta ba yankewa, ga shi kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a 2024 cewa an kama jabun Ozempic, wata allura mai sinadari ɗaya da Wegovy, har a nan Birtaniya.

Ta fuskar abinci gida bai gaza ba, har ma ya fi. Abin da masanin abinci ke nema a nan, ana saye da tsada cikin robobi, shi ne kifi da ƙwai da wake da kindirmo, waɗanda ke zube a kasuwar Yawuri da ta Argungu. Wahalar gida tana wajen mutane da yanayi. Mu da muke ganin tumbi alamar wadata, har ana sayar wa 'yan mata sha-ka-fashe a kemis, idan Alhaji ya zube kilo talatin cikin 'yan watanni sai an yi ta raɗe-raɗin wata cuta ko sammu, kuma wanda ya ɗauki loma uku na tuwon shinkafa ya cire hannu a gidan suna sai an ce ya raina abincin. Ga zafin watan Afrilu, lokacin da jiki ke neman ruwa kofi-kofi alhali tumbin ba ya karɓa sai kurɓi-kurɓi. Ga kuma haɗin maganin ciwon jiki da ake miƙa wa kowa a kemis, mai ɗauke da diclofenac ko ibuprofen, waɗanda aka hana wa wanda aka yi wa wannan aiki saboda suna jawo gyambon ciki.

Saboda haka, Yaya, kada a ba dillalin nan ko kafin alƙalami tukuna. A fara kai Kawu wurin likitan suga a Asibitin Koyarwa na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko wurin wanda ya saba gani a Birnin Kebbi, a yi masa gwajin HbA1c mai nuna matsakaicin suga na wata uku, da na ƙoda da hanta da zuciya, a kuma tambayi likitan ƙarara ko zai yarda ya riƙe shi bayan tiyata, da gwajin jini na kowace shekara da allurar B12 ta duk wata uku. Tun da akwai asibitocin kuɗi a Abuja da Legas da ke yin aikin, a nemi farashinsu a kwatanta, domin komawa Abuja idan wani abu ya taso ya fi komawa Alƙahira sauƙi. Shi kuma dillalin a ce ya kawo sunan likitan a rubuce, da irin tiyatar da za a yi, da wanda zai biya idan aka sake komawa ɗakin tiyata. Ka aiko mini da tsawon Kawu da nauyinsa da hoton kwalayen magungunan da yake sha, kada a manta da na gargajiya. A gaishe mini da Inna, a ce wa Kawu ina yi masa sannu, Allah Ya ƙara sauƙi.