Na gwada itace kala 6 wajen bandar nama, ga yadda muka kwashe

Kusan wata uku kenan da na sayi wani kwali na guntayen itacen banda, kala 6 ne a ciki kowanne da ledarsa, akwai oak, hikori, meskit, pikan, ceri da tuffa. Tun lokacin nake ta cewa bari in rubuta ra'ayina amma na danne zuciyata, don gwaji ɗaya ko biyu ba ya isa mutum ya yanke wa itace hukunci. Yanzu kam na hura wuta da su ya kai sau 14, leda biyu ma sun ƙare tas. Tukunyar gashin da nake amfani da ita irin mai murfin nan ce da ƙofar iska sama da ƙasa, gawayi a gefe guda nama a ɗaya gefen, ba wata babbar na'ura ba ce.

Bari in fara da abin da ya ɓata min rai. Guntayen dai girmansu ya yi, kamar dunƙulen hannu, ka ɗora biyu ko uku kan garwashi su daɗe suna ci a hankali. Amma ledar tuffa da na buɗe sai na ji sanyi-sanyi a hannuna, wasu har da ɗan fumfuna a jikin ɓawon, ka ɗauka ka ji nauyi ka san bai bushe ba. Itacen banda ana son ruwan jikinsa ya sauka zuwa wajen kashi 20 cikin ɗari ko ƙasa da haka, wannan kuwa ko kusa. Na zubar da masu fumfunan, sauran na shanya su sati uku kafin su yi amfani. Sannan ledar ceri kusan kwata ɗinta ɓurɓushi ne, shi kuwa ɓurɓushi minti kaɗan ya cinye ya zama toka.

To ranar farko zumuɗi ya sa na ɗauko meskit, saboda shi ne na fi jin sunansa, na jibga manya guda huɗu na sa kaza biyu na rufe. Wallahi da na ɗaga murfin kazar ta yi baƙi kamar an shafa mata kwalli, ka sa a baki harshenka ya yi wani irin dauri, ɗaci na bin maƙogwaro, yara suka ɗanɗana suka ajiye ba wanda ya ce uffan. Laifina ne rabi, laifin itacen rabi. Meskit itace ne na busassun yankunan Teksas ta Amurka da ƙasar Meziko, wutarsa zafi gare ta kuma da sauri yake ci, hayaƙinsa ya fi na duk sauran ƙarfi, bai dace da abin da zai yi awanni a rufe ba balle kaza da ba ta da ƙarfin ɗaukar irin wannan. Daga baya na gwada shi da yankan naman sa mai kauri, gashin minti goma sha wani abu kai tsaye a kan wuta, gunta ɗaya tak, nan ne na gane me ya sa mutane ke yabonsa. Amma iyakarsa kenan a wajena.

Ɗacin nan ne ya sa na zauna na koyi kallon hayaƙi, kuma gaskiya abin da ya fi canza min nama kenan fiye da duk sunayen da ke jikin ledojin. In ka ga hayaƙi fari mai kauri yana tuttuɗowa kamar ana ƙona shara, to itacen ba ci yake ba, turnuƙewa yake, ko dai bai bushe ba ko iska ta yi masa kaɗan, kuma wannan hayaƙin ne ke barin baƙin maiƙon nan mai ɗaci a jikin nama. Wanda ake nema siriri ne mai ɗan shuɗi-shuɗi, wani lokaci sai ka ƙura ido kafin ka gan shi. Yanzu in na ɗora itace sai in jira farin nan ya wuce, minti 15 zuwa 20, sannan nama ya shiga, ƙofar iska ta sama kuma ba na rufe ta sam, da ta ƙasa nake rage wuta ko in ƙara. Zafin cikin tukunya ina riƙe shi tsakanin digiri 107 da 121 a ma'aunin Salsiyos. Tunda na kama wannan ko da wane itace na yi naman yana ciwuwa.

Oak shi ne gwanina, ba na ɓoyewa. Ba ya hayaniya, yana ci a hankali, garwashinsa na daɗewa, ƙamshinsa tsaka-tsaki ne ba ya danne ɗanɗanon naman. Da shi na yi naman ƙirjin saniya mai kilo 4 da ɗoriya, awa 11 ina fama, ya zo wajen digiri 68 a ciki ya tsaya cak kusan awa biyu kamar ma'aunin ya lalace (ruwan jikin naman ne ke fita yana sanyaya shi, haƙuri kawai ake yi ko a naɗe shi), na sauke shi a 94 wuƙa na shiga kamar cikin man shanu. Ba mamaki masu gashin tsakiyar Teksas suka riƙe wani nau'in oak ɗin suka ƙi saki. Ledarsa ce ta fara ƙarewa.

Hikori kuma ƙarfi gare shi, yana bin bayan meskit amma shi yana da daɗi in ba ka zarce ba. A haƙarƙarin saniya ya yi kyau sosai, gunta biyu sun isa, ranar da na sa na uku sai da aka ji ɗan ɗaci a ɓawon naman. Pikan ɗan uwansa ne na jini, dangi ɗaya suke a bishiya, sai dai shi ya fi sanyin hali, akwai wani ɗan garɗi a ƙamshinsa. Cinyar rago da pikan, kai, wannan sai wanda ya ci.

Ceri ban ji wani ɗanɗano na musamman ba gaskiya, amma kala! Fatar kaza ta fito jawur mai duhu tana sheƙi, kowa sai da ya ɗauki hoto. Daga baya haɗawa na riƙa yi, oak biyu ceri ɗaya, ledar ceri ce ta biyu da ta ƙare. Tuffa bayan ya bushe laushin hayaƙi gare shi, ya yi wa kifi da fukafukan kaza daidai, a naman sa kuwa ɓacewa yake kamar ba a sa komai ba. Kuma don Allah kar wani ya saya yana tsammanin nama zai yi ɗanɗanon tuffa, ba ya yi. Na ma yi wa mutanen gida gwaji, kaza ɗaya da tuffa ɗaya da ceri ban faɗa musu ba, in ba don kalar ba babu wanda ya iya bambancewa. Meskit da tuffa kam ko makaho ya bambance, amma tsakanin masu sanyin nan bambancin bai kai yadda ake zuzuta shi a jikin kwali ba.

Takardar da ta zo a ciki ta ce a jiƙa itacen rabin awa kafin a sa. Na bi sau biyu na daina. Na fasa gunta ɗaya da ya kwana a ruwa, cikinsa a bushe ƙarau, ruwan iyakarsa baya-baya, abin da kake gani yana tashi da farko tururi ne kawai, ga shi yana rage maka zafin garwashi. Inda takardar ta yi gaskiya shi ne gargaɗin kar a sa itace mai ƙaro irin su fain, ko katakon da aka yi wa fenti ko aka sa wa maganin gara, wannan ba maganar ɗanɗano ba ce ma, lafiyar mutum ce.

In za a tambaye ni maki, 3 da rabi cikin 5 zan ba kwalin, jiƙaƙƙen tuffa da ɓurɓushin nan ne suka ja masa. Ga wanda bai taɓa yi ba yana da amfani don ya san inda bakinsa ya karkata, amma ni ba zan sake sayen haɗin ba, babban buhun oak zan nema da ƙaramin na ceri, wataƙila in ƙara da pikan saboda rago. Meskit ɗin kuwa har yanzu fiye da rabin leda na nan a ajiye, a yadda nake sa shi ɗaya-ɗaya zai iya kai ni baɗi.