Ranga Shankara, gidan dirama na Bangalore da ya cancanci kudin tikitinku

Jama'a duk wanda karatu ko jinya ta kai shi birnin Bangalore na Indiya, don Allah ya daure ya leka Ranga Shankara a unguwar JP Nagar. Arundhati Nag ce ta bude shi a 2004 don tunawa da mijinta Shankar Nag. Zauren karami ne, kujera wajen 300, amma ko a layin baya kake kana jin muryar 'yan wasa tar.

Abin da ya kai ni wasannin Girish Karnad ne, marubucin nan da ya rasu a 2019. Bawan Allahn nan fa a Oxford ya yi karatu, Turanci ba ya ba shi wahala, yarensu na gida ma Konkani ne, amma ya zabi ya rubuta da Kannada, yaren jihar da Bangalore take, har ya samu kyautar Jnanpith ta 1998, babbar kyautar adabi ta Indiya. Wasansa Tughlaq na 1964, kan Sarkin Delhi da ya kwashe jama'a zuwa Daulatabad da sunan gyara amma abin ya zama bala'i, wallahi ya taba ni sosai.

Ku duba yaren wasan kafin ku sayi tikiti, da yawa Kannada ne zalla. Kuma ku je da wuri, in an fara ba a bude wa kowa kofa, ni dai tsarin nan ya burge ni.