Jelatin Don Gashi: Wanne Za Ki Saya, Wanne Za Ki Bari A Kanti?

Duk wadda ta taɓa yin farfesun ƙafar saniya ta bar ragowar romon ya kwana a firji ta san jelatin, ko da ba ta san sunansa ba. Wannan daskararren romon da ke karkarwa in an taɓa tukunya, shi ne. Masana'antu suna dafa fata da ƙashin shanu, ko na alade, ko na kifi, su tatso wani sinadari da ake kira kolajin, su busar da shi ya zama gari. Da shi ake yin jeli da alewar nan mai danƙo ta yara, da ɓawon kafson magani. Yanzu kuma ya faɗo harkar gyaran gashi, ko'ina ka duba ana cewa a kwaɓa a shafa, wai kafin wata ya zagayo gashi ya sauko gadon baya.

Bari in fara da abin da mai talla ba za ta gaya miki ba, 'yar'uwa: jelatin ba ya tsirar da gashi. Gashi daga saiwarsa yake fitowa, can cikin fatar kai, kusan santimita 1 a wata, namu na baƙar fata ma yakan ɗan gaza haka. Silin da ya riga ya fito waje ba shi da rai, ba ya ci ba ya sha. Aikin jelatin kawai ya lulluɓe silin nan, ya ɗan toshe wuraren da rilaksa ko rini ko zafin draya suka zaizaye. Sai gashi ya ƙara kauri a hannu, ya yi sheƙi, ya rage karyewa wajen taza. Wankin kai biyu ko uku, lulluɓin ya tafi. Amma fa kar ki raina wannan ɗan aikin, don da yawanmu gashin yana fitowa lafiya lau, a bakin mataji yake ƙarewa. Wadda ta rage karyewa za ta ga tsawo bayan watanni, sai ta ɗauka jelatin ne ya fito mata da sabon gashi.

Masu cewa a dama a sha ma, hujjarsu ba ta da ƙarfi sosai. Gashi da wani furotin (sinadarin gina jiki) mai suna keratin aka gina shi, keratin kuwa cike yake da wani sinadari mai ɗauke da farar wuta, shi ya sa in gashi ya ƙone ake jin warin nan mai hawa ka. Jelatin kusan ba shi da wannan sinadarin. Ƙwai da kifi da nama sun fi shi nesa ba kusa ba ta wannan fuska. Kuma ciki ba ya karɓar saƙo: duk abin da kika ci sai ya narke, jiki ya raba shi inda ya ga buƙata.

To in kin ji za ki saya duk da haka, kuma ni ina saya, tambayar farko ba ta farashi ba ce. Daga wace dabba aka yi shi?

Kaso mai yawa na jelatin ɗin duniya daga fatar alade ake yin sa, musamman na Turai da Amurka. Da ido ba a bambance shi da na saniya, launi ɗaya ne, ƙanshi ɗaya. Kwali kaɗai zai gaya miki. In kin ga an rubuta pork ko porcine, na alade ne. Beef ko bovine na saniya ne, fish na kifi. In kuwa an rubuta jelatin kawai aka yi shiru, ni dai mayar da shi nake yi kan kanta. Na taɓa tsayawa a wani shagon kayan haɗa kek, mai shagon ya miƙo min wani ƙulli a farar leda, ba suna ba kwanan wata. Na ce, "Malam, wannan na saniya ne?" Ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, ai jelatin duk jelatin ne, masu kek shi suke saya." Ban ga laifinsa ba, shi ma a buhu ya saro ya ƙulla. Amma ban saya ba.

Malamai sun yi saɓani a kan mas'alar. Wani taron malamai da likitoci da aka yi a Kuwait a 1995 ya tafi a kan cewa sarrafawar da ake yi wa ƙashi da fata ta sauya ainihinsu, don haka jelatin ya halatta ko daga ina ya fito. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya da ke Makka, ita kuma, a zamanta na 1998, ta ce sai wanda aka samo daga dabbar da ta halatta kuma aka yanka bisa shari'a. Ba hurumina ba ne in yanke, ki tambayi malaminki. Abin da zan ce a matsayin mai saye shi ne, abin da za ki dambara a kai ki zauna da shi, gara wanda zuciyarki ta natsu da shi, tunda na saniya mai tambarin halal yana samuwa kuma aikinsu a gashi iri ɗaya ne. Ki tuna na saniya ma ba lallai ne yankakkiya ba, tambarin ne ke nuna hakan. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Akwai wani dalili na biyu da ya sa nake gudun ƙullin leda. Ba kowane jelatin ne na ci ba. Akwai na masana'antu, wanda ake yin gam da shi, wani ma daga yankakken kirgin da aka jeme da sinadarai ake haɗa shi. A 2012 an yi babbar badaƙala a China lokacin da aka gano ana yin ɓawon kafso da irin wannan, mai ɗauke da sinadarin kuromiyam fiye da ƙima. Garin da ba kwali, ba ki da hanyar sanin ko wanne ne.

In an gama da batun asali, sauran zaɓin mai sauƙi ne. Abin da kike nema shi ne garin jelatin zalla, marar launi, marar zaƙi, marar ɗanɗano. Ana samun sa a manyan kantuna da shagunan kayan kek, wani a ƙananan fakiti, wani a roba mai murfi. Ƙaramin fakiti yakan zo da giram 7 zuwa sama kaɗan, kuma ɗaya ya ishi matsakaicin gashi shafawa ɗaya. Babbar roba ta fi araha in an lissafa da giram, amma ga wadda za ta shafa sau ɗaya a wata, sai damina ta zo danshi ya dunƙule mata shi tun bai kai rabi ba. Ki fara da ƙarami. Wasu kwalayen suna ɗauke da wata lamba da ake kira bulum, misali 160 ko 200 ko 250, mai nuna ƙarfin daskarewa. Wannan damuwar masu kek ce. Kar ki ƙara kuɗi saboda ita.

Akwai na falle-falle, mai kama da gilashin roba. Shi ma jelatin ne, ya fi tsada, kuma sau da yawa na alade ne, don haka ba abin da zai kai ki wurinsa. Na kifi yana kawar da duk wani kokwanto na yanka, sai dai yana wuyar samu, da tsada, kuma bai dace da wadda kifi ke sa wa borin jini ba.

Wanda mutane suka fi faɗawa tarkonsa shi ne garin jeli mai launi, na lemo ko na sitroberi, don shi ya fi yawa a kanti kuma ya fi arha. Mafi yawan abin da ke cikin kwalin nan sukari ne, sai launi da ƙanshi, jelatin ɗin kaɗan ne. Ki shafa a kai ki samu danƙo, tururuwa su samu walima. Ki yi wa yara su sha. Haka kuma abin da ake kira aga-aga, wanda wasu ke sayarwa da sunan jelatin na tsiro: daga ciyawar teku ake yin sa, halal ne ba tantama, yana daskarewa da kyau, amma ba furotin ba ne kamar jelatin, don haka abin da ake nema a gashi ba ya cikinsa.

Sai garin kolajin da ake tallatawa a manyan robobi masu tsada. Asalinsu ɗaya da jelatin, an dai ƙara farfasa shi ne ya zama ƙanana, shi ya sa yake narkewa a ruwan sanyi kuma ba ya daskarewa. Tambayar saniya ko alade tana nan a kansa ita ma. Kuɗin roba ɗaya zai saya miki ƙwai kiret da yawa. In dai don shafawa ne kuma kina da halin kashe kuɗi, na fi ganin amfanin kwandishina da aka riga aka haɗa da farfasasshen furotin, na keratin ko na alkama. An auna shi daidai, yana ɗauke da abin hana lalacewa, kuma ƙananan ƙwayoyinsa sun fi kama gashi. Jelatin ya fi shi ne ta wajen arha kawai, da kuma cewa kin san abin da kika zuba da hannunki.

Wata ta tambaye ni ko za ta iya dafa ganda ta yi amfani da ruwan. Jelatin ne kam, amma da maiƙo da ƙarni. Ki zuba masa yaji ki ci.

Kafin ki fita kasuwa ma, ki tsaya ki gane ko gashinki na buƙatarsa, don nan ne mutane suke asarar kuɗi da gashi gaba ɗaya. Masu gyaran gashi suna da wani gwaji: ki ɗauki sili ɗaya jiƙaƙƙe ki ja a hankali. In ya yi ta miƙewa kamar cingam, lagwai-lagwai, bai koma ba, wannan gashin ya raunana, yawanci mai rilaksa ne ko rini, kuma shi jelatin zai taimaka wa. In kuwa da ja sai ya tsinke ƙas, bushewa ke damunsa, jelatin ƙara masa tauri zai yi. Irin wannan gashin, wanda shi ne na mafi yawan masu barin gashinsu yadda Allah ya halitta, ruwa da mai yake so. Karkashin nan da iyayenmu suke jiƙawa su wanke kai da yauƙinsa ya fi masa komai, yana warware cuɗewa mataji ya wuce salin-alin. Shi ne fa matan Chadi ke kira ambunu, aka zuba a kwali mai kyau ake sayar mana da tsada. Ki bi da man kaɗanya ko man kwakwa, ki yi kitson da ba a ja ba.

Yadda nake haɗawa kuwa: cokalin cin abinci 1 na garin, a barbaɗa a kan cokali 4 na ruwan sanyi, a bar shi minti 5 zuwa 10 ya sha ruwa ya kumbura. Kar ki fara da ruwan zafi, gudaji zai yi. Daga nan ki ɗora kofin cikin kwanon ruwan zafi kina juyawa har ya narke sarai, ba tare da ya tafasa ba. In ya huce ya zama ɗumi-ɗumi sai ki zuba kwandishina cokali 2. A wankakken gashi mai danshi ake shafawa, daga tsakiya zuwa baki, ba a fatar kai ba. A rufe da leda, minti 20 zuwa 30, a wanke da ruwan ɗumi sosai, a bi da abin da zai laushe gashin. Sau ɗaya a wata ya isa. Karon farko ki gwada ɗan kaɗan a lanƙwasar hannunki ki ga ko zai yi ƙaiƙayi.

Ledar nan ba ado ba ce. Wani hunturu na shafa ban rufe ba, baƙi suka yi sallama, na yafa mayafi na zauna gaisawa. Kafin su tafi iska ta busar da shi, kaina ya koma kamar tsintsiyar kwakwa. Da rashin sani na sa mataji. Abin da na kwashe a ƙasa ranar ya fi abin da nake asara a wata guda. In ya bushe miki, kar ki taɓa shi da komai, ki yi ta zuba ruwan ɗumi har ya saki da kansa, don jelatin yana narkewa da zafin da bai wuce na jikin mutum ba. Wannan ne ma ya sa a bazara za ki ga haɗin ya ƙi yin kauri, ya tsaya ruwa-ruwa. Ba lalacewa ya yi ba, zafin gari ne. Kuma kar ki ajiye ragowa. Kwaɓaɓɓen jelatin abincin ƙwayoyin cuta ne, in aka ɗauke wuta kwana ɗaya zai fara wari. Masu son ƙara gwanda ko abarba a haɗin su ma su sani, ɗanyensu yana da sinadarin da ke tsinka jelatin ya hana shi kamawa.

Akwai zubewar da babu abin da ke kanti da zai tsayar da ita. Zubar sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Wadda ta haihu takan ga gashi yana zuba da yawa kamar wata uku bayan haihuwa, kuma yakan dawo da kansa. Amma in zubewar ta ƙi tsayawa kuma kina yawan gajiya da jiri, ki je a auna jininki, don ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo duk suna zubar da gashi. In wuri guda ne ya kwashe, da ƙaiƙayi ko ɓawo kamar makero, magani yake so daga asibiti. In kuma gaban goshi ne ya fara ja da baya, ki dubi kitsonki da ɗaurin da kike tamkewa, ki ce wa mai kitso ta sassauta hannu tun saiwar ba ta mutu ba.